Tsoho ya gina gida da albashi, ni haƙori ɗaya ya gagare ni

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makaranta ne nan cikin Sakkwato, shekarata 34, ina haya a Mabera da mata da ɗiya biyu. Turmina na hagu ya yi kogo wata biyar ke nan, an ce sai an kashe jijiyar haƙorin a sa mai hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, kuɗɗin da anka faɗa min sun tsorata ni. Tsohona shi ma koyarwa yay yi har ritaya, ya gina gidanai tun ba a haife ni ba, kullum cewa yake mu ɗiyan zamani ba mu da tattali, daga shan zaƙi sai sayen data. Shin gaskiyarshi ce? Kuma in taɓa adashin da nike tarawa na fili ko in ƙara daurewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah shi ba da lafiya, Allah shi ƙara ma Baba nisan kwana. Maganar tashi rabi gaskiya ce, kuma abin dariya rabin da ya shafi aikina ne ya ci, na gida kam ban bi shi ba.

Bari in fara da gidan tunda shi ya fi ci maka rai. A 1981 zamanin Shagari mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, amma lokacin naira ta fi dala ƙarfi, in ka juya kuɗɗin ya kai wajen dala 200. Yau mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun 2024, juya shi zuwa dala ka gani, lokacin da anka sa ma dokar hannu bai kai dala 50 ba. Su Baba sun ci Udoji a 1974, an ƙara albashi har da ariyas, sun ga gidajen lokos da gwamnati ta gina, kuma garin bai cika ba, unguwannin da dillalai ke kiran miliyoyi yanzu gonakin gero ne. Daga 1986 da Babangida ya kawo SAP, tsarin gyaran tattalin arziki, naira ta fara gangara, 2023 anka cire tallafin mai anka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500. Siminti ga shi nan ana yin shi Kalambaina bakin ƙofarmu, amma rodi da kwano da dizal ɗin tifar yashi duk dala suke bi, ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga su Isa da Sabon Birni sun shigo gari, kowa na neman ɗakin da zai sa kai. To ka ga kuɗin data bai isa ya bayyana wannan ba. Sai dai a yi ma tsoho adalci, da yawansu da tubali da azara sunka fara, ɗaki biyu da zaure, anka shiga babu filasta, sauran ɗakunan sai da ɗiya sunka yawaita. Mu yanzu in ba tayil da silin ba sai mu ce ba a gama ba.

Yanzu haƙori. Mutane na cewa iyayenmu ba su taɓa zuwa asibitin haƙori ba kuma lafiya lau, ni dai da nike leƙa bakin dattijai kullum na san zancen ba haka yake ba. Gaskiya kogo bai yi musu yawa ba, don tuwo da fura da ɗan wake ba su kai lemon kwalba da alawa da shayi mai cokali huɗu ɓarna ba, ga asuwaki biyar a rana wurin alwala. Amma ciwon dasashi ya ci su sosai, haƙora su yi ta girgiɗi su zube, wanda ya dame su kuma a kai ma wanzami ya fizge, shi ke nan magana ta ƙare. Ba wai sun iya biyan magani ba ne, gyaran ne ba a yi, haƙorin Makka kuwa ado ne. Kai da kake son a ceto maka turmi abu kake nema wanda zamaninsu ko a mafarki, kuma kayan cikon da allurar kashe zafi da ƙananan alluran da muke share jijiya da su kusan duk daga waje suke, ga janareta, shi ya sa lissafin ke tashi.

Batun zaƙi ka saurari Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin babba a rana kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, kwalbar lemo guda ta cinye mafi yawan wannan. Kuma yawan kai shi baki ya fi yawan shi illa, mai kurɓar lemo kaɗan-kaɗan tun azahar har la'asar ya fi wanda ya shanye tashi guda cutuwa, don duk kurɓa ƙwayoyin cutar baki na mai da sukari tsami, tsamin ke cin jikin haƙori.

Tambayarka ta ƙarshe, e, taɓa adashin. Na san fili ma tashi yake, amma fili in ka rasa na Gagi ka samu gaba da shi, kogo kuwa matakala ne: yana ƙarami ciko ne kawai zama ɗaya, ya kai jijiya kuɗin ya ninka sau da yawa, ya wuce nan sai cirewa da haƙorin roba, ko kumburi ya sauka wuya a kwantar da mutum. Na taɓa karɓar wani mai ɗinki da ya kwashe wata uku yana cusa kanumfari da auduga, daga baya wani ya ba shi shawarar ruwan batir, ya zo kunci kamar an hura balan-balan, bakin ko yatsa biyu ba su shiga, a aljihunshi kuma ga rasit ɗin bulo ɗari biyu da ya biya satin nan. Abin da ya kashe a gado ya fi bulon.

Kafin ka biya, ka je sashen haƙori na asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin kwararru a ɗauki hoto, asibitin gwamnati ya fi sauƙi ko da layi. In kana cikin inshorar lafiya ta SOCHEMA ko NHIA ka tambaya mi ta ɗauka, galibi irin su cirewa da ƙaramin ciko da wanki ne, hula ba ta ciki. Ka tambayi likita ko za a kashe jijiyar yanzu a cike, hular ta biyo baya in albashi ya shigo, ana yin haka amma kada a ja shi da nisa don haƙorin da anka kashe yana saurin tsagewa. In hoton ya nuna ya riga ya ruɓe har ƙasa, a cire, ba abin kunya ba ne. Ka daina sayen kafso a kemis kana haɗiya, zafin zai lafa kogon na nan. In ka ga kumburi da zazzaɓi ko haɗiyar miyau ta fara wuya, ko tsakar dare ne ka tafi asibiti. Ranar da za ka zo ka karya kumallo tukuna, ka taho da yaran nan biyu in duba bakinsu, in Baba ya yarda shi ma a ɗauko shi.