Amsa: anzim daban, mikrob daban

Ƙanwata, kin ce anzim da mikrob sun rikice miki a darasi, kina tambaya wanne ke sa madara ta yi tsami. Su biyun ne, amma ba matsayinsu ɗaya ba.

Mikrob ƙanƙanin abu ne mai rai da ido ba ya gani, yana ci yana hayayyafa. Anzim ba shi da rai, furotin ne da mikrob ke ƙerawa don aiki ya yi sauri, kuma ba ya ƙarewa cikin aikin.

Dubi masu nono nan Yamai. Mace ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ƙwarya ta rufe. Cikin ɗan ludayin nan akwai bakteriya, wato wani nau'in mikrob, irin su Lactobacillus. Anzim ɗinsu na fasa sukarin madara gida biyu, gulukoz da galaktoz, wasu anzim kuma su mai da su asid laktik. ATP (sinadarin da ke ɗauke da kuzari a cikin ƙwayar rai) 2 kacal bakteriyar ke samu daga kowane gulukoz. Tsamin da muke nema a fura kuwa, a wurinta shara ce! Sai pH, ma'aunin da ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 6.6 zuwa 4.6, furotin ya dunƙule, kindirmo ke nan.

Jiran hucewar ba banza ba ne: tafasa na lalata siffar anzim, ta kashe bakteriya. Firigo rage gudu kawai yake yi. Shi ya sa a zafin Afrilu nono ke saurin wuce gona da iri.

Riƙe wannan don jarrabawa: a 1897 masanin kimiyya Bajamushe Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace, ruwan babu ƙwaya mai rai, duk da haka ya mai da sukari barasa, domin anzim ɗin yis na cikinsa.