Kyamarar ɗaki a bakin taga: za ta tsare maka ƙofar gida a Gusau?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Jidda ya rubuto cewa ya sayi kyamarar tsaro irin ta cikin ɗaki zai aika wa iyalinsa a Gusau. Yana gudun in an kafa ta a waje ɓarayi su cire, shi ya sa yake so a ajiye ta a tagar falo tana kallon ƙofar gida, shi kuma yana dubawa ta waya. Ko hakan zai yi?

Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar nema. Da rana zai yi. Da dare kuwa, lokacin da ka fi bukatarta, nan gizo ke saƙar. Kewaye da idon kyamarar akwai 'yan fitilu masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, da shi take gani cikin duhu. In gilashi na gabanta, hasken sai ya buge shi ya dawo mata, kai kuma ka buɗe waya ka tarar da farin hazo, ko wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba za ka gane ba. Don haka a shiga manhajar a kashe ganin dare, a manna idon da gilashin ba tazara, a saki labule mai kauri a bayanta saboda hasken falo, sannan a kafa fitila mai sola a waje. Wannan fitilar ita ce rabin aikin, kada ka yi mata rowa.

Ka kuma duba yadda take gane motsi. Wadda ke jin ɗumin jikin mutum ba za ta turo maka saƙo ba, domin gilashi yana tare ɗumin. Wadda ke lura da canjin hoto ita ce daidai.

Tagoginmu da ƙarfe da ragar sauro suke, sai an nemo tsakanin ƙarafa, a riƙa goge ƙurar hunturu. A guji taga mai kallon yamma: da yawa daga kyamarorin ɗaki ba a yi su don zafin da ya wuce digiri 40 ba, ka kuwa san Afrilun Gusau.

Sa mata katin memori da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta. Ba ka manta Satumban 2021 ba, da aka katse layukan waya a Zamfara. A irin wannan yanayi abin da ke kan katin kaɗai za a samu.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen gidan. Kyamarar tana ɗaukar murya, kuma a falo take. Ka gaya wa uwargida da Hajiya tun kafin ta iso, ka bari su kashe mata kunne da hannunsu, don kada su ɗauka su kake gadi. Kada kuma idonta ya leƙa tsakar gidan maƙwabci. In ka samu sarari nan gaba, sayi ta waje, maƙeri ya yi mata kejin ƙarfe a kafa ta sama ƙarƙashin rufi.