Tambaya da Amsa: Me ya sa bayan hoton taurarina yake tsaki-tsaki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A watan Disamba na hau rufin gidanmu a Bukuru na ɗauki taurarin Kaza da 'Ya'yanta da kyamarar Canon a kan na'urar bin taurari, hotuna 20, kowanne daƙiƙa 30. Da na haɗa su a manhajar Siril na ƙara haske, sai sararin ya cika da tsaki-tsaki kamar talabijin da ta rasa tasha, ga zirin ja da kore a karkace, ɓangare guda kuma ya yi ruwan goro. Na baƙanta bayan hoton, amma shuɗin hayaƙin da ke kewaye da taurarin ya ɓace. Ina kuskurena? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana matsaloli uku ne da suka haɗu a hoto ɗaya, kuma kowacce da maganinta, sai dai mafi girmansu ba a gaban kwamfuta ake warkar da ita ba.

Tsaki-tsakin nan asalinsa ƙarancin haske ne. Ƙwayoyin haske ba sa sauka a kan sensar kyamara, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, daidai wa daida, suna zuwa ne kamar yayyafin farkon damina, wani wuri ya jiƙe, wani ya zauna a bushe. Hotuna 20 na daƙiƙa 30 minti goma ke nan kacal, alhali shuɗin hayaƙin da kake nema ƙura ce da ke maido da hasken taurarin da ke nesa da mu kimanin shekarun haske 440, kuma haskenta mai rauni ne, bai fi na sararin da ke bayanta da yawa ba. Lissafin haɗa hotuna kuwa ba ya sassauci: idan kana son tsakin ya ragu da rabi, sai ka ninka lokacin ɗauka sau huɗu. Hotuna 80 za su ninka tsaftar naka sau biyu, 320 kuma sau huɗu. A ganina kada ka sake zama gaban Siril da ƙasa da awa biyu na haske, ko da a dare biyu ko uku za ka tara su, kuma ka tabbata a tsarin RAW kake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin tsarin JPEG da aka saba da shi ya riga ya zubar da bayanan da za a yi aiki da su.

Zirin ja da koren kuwa daga ɗigogin sensa ne masu zafi, waɗanda ke haskawa ko babu haske. Tunda na'urarka tana ɗan zamewa a hankali zuwa gefe guda, manhaja ta daidaita taurari, su kuma ɗigogin suka ja layi. Abu na farko shi ne hotunan duhu: ka rufe murfin gilashi ka ɗauki 20 zuwa 30 da tsawon lokaci da lambar ISO (saitin ƙarfin jin haske na kyamara) irin na ainihin hotunan, a wurin, a daren. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci a Jos, inda daren hunturu ke da sanyi sosai, domin tasirin zafi a kan sensa yana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri shida, saboda haka hoton duhun da aka ɗauka a ɗaki washegari da rana zai ɓata aikin ne maimakon ya gyara. Abu na biyu, ka riƙa ɗan gusar da kyamarar kaɗan zuwa ɓangarori dabam-dabam bayan kowane hoto uku ko huɗu, ta yadda ɗigon ba zai faɗa wuri ɗaya ba, manhaja kuma ta gane shi baƙo ne ta watsar da shi yayin haɗawa.

Ruwan goron hasken gari ne. Tsayin Jos na kimanin mita 1,200 alheri ne ga mai kallon sama, amma hazo yana kama fitilun gari ya watsa su, kuma abin takaici lokacin da Kaza ke tsakiyar sama da dare shi ne lokacin hazon. Ka zaɓi daren da babu farin wata, ka jira taurarin su yi sama sosai, in da hali da tsaro ka fita wajen gari ta ɓangaren Riyom. Abin da ya rage, kayan cire hasken baya na Siril ko manhajar GraXpert, wadda kyauta ce, za su share shi, muddin ba ka ɗora alamomin samfur, wato wuraren da manhaja ke auna hasken baya, a kan hayaƙin kansa ba. Hotunan fari, waɗanda ake ɗauka ta farar riga a shimfiɗe kan gilashi ba tare da taɓa saitinsa ba, su ke gyara duhun kusurwoyi da tabon ƙura.

Game da baƙantawa, a nan ne ka yanke hayaƙin da hannunka. Sararin dare ba baƙi ƙirin ba ne, saboda haka ka bar shi toka-toka mai duhu, ka ƙara haske mataki-mataki, ka tsaya da zarar tsakin ya fara fitowa. Manhajar rage tsaki ta zo daga baya, da hannu mai sauƙi, domin idan ka matsa mata za ta cinye ƙananan taurari ta bar maka hoto kamar an goge shi da man shanu.