Ramukan nan farare da ka gani a lam ɗin ɓerayen giya

Na ga saƙonka jiya da daddare, wai lam ɗin da ka yanka, wato siririn yankan nama a kan gilashin da ake dubawa a mikroskop, na gilan ɗin yawun (ƙullin naman da ke fitar da yawu) ɓerayen da aka yi wata uku ana ba su alkol, sinadarin giya, duk ramuka ne farare kamar an tsattsaga da allura, ko kai ne ka ɓata aikin ka sake yankawa. Kwantar da hankalinka ƙanena, kar ka zubar da komai tukuna.

Ka tuna hanyar da naman nan ya bi kafin ya zo gabanka, formol kashi 10 mai hana shi ruɓewa, sai alkol hawa-hawa kashi 70, 95, 100, sai sinadarin zilen, sannan kakin parafin da ake zuba shi ciki don a yanka. To alkol da zilen ɗin nan narkar da kitse suke yi tas, shi ya sa a parafin ba ka ganin kitsen kansa, gurbinsa kawai kake gani. In ramin ya zagaye sumul kuma yana cikin ƙwayar halitta, mai yiwuwa kitse ne ya zauna a wurin. In kuwa wuƙarka ce ta dakushe za ka ga yagewar ta bi layi ɗaya daga sama har ƙasa. In kuma ka bar naman a kan tebur kana waya kafin ka jefa shi formol, a zafin Garwa na watan Maris da ke wuce 40, komai zai dagule kamar kunu, gilan ɗin yawu cike yake da sinadaran narkarwa, nan da nan yake fara cin kansa. Tabbatarwa ɗaya ce, a daskarar da yanki a yanka shi a sanyi ba zilen, a rina da Oil Red O, kitse zai fito jawur. Dalilin da ya sa kullum nake cewa ku raba gilan biyu ke nan tun ranar fiɗa, rabi formol rabi firiza, amma ku yaran yanzu sai ku zuba duka a formol ku rufe kwalba.

Gilan manya uku ne kowane gefe, farotid ta gindin kunne wadda ke kumbura lokacin hangum, da ta ƙarƙashin muƙamuƙi, da ta ƙarƙashin harshe. Farotid ce aka fi kallo a aikin giya. Doguwar sha tana tara kitse a cikinta, yawun ya ragu, abin da ke cikinsa ma ya canza har da amilas mai narkar da sitaci. A mutane ma haka, wanda ya shekara da shekaru kan arki ko bil-bil wani lokaci za ka ga gindin kunnuwansa biyu sun tasa ba ciwo, baki a bushe, haƙora na lalacewa don yawun da ke wanke su ya yi ƙaranci.

Amma fa saurara, nan ne wurin da nake so ka riƙe. Yawanci ɓera ba ya son giya, in ka ba shi zaɓi ruwa zai sha. Shi ya sa masu bincike Charles Lieber da Leonore DeCarli a Amurka suka haɗa abinci na ruwa wanda alkol ke ba da kashi 36 cikin 100 na ƙarfin abincin, dole ya sha in yunwa ta kama shi. Matsalar ita ce ɓeran da ba ya tauna farotid ɗinsa motsewa take yi ko da ɗigon giya bai shiga bakinsa ba, don tauna ce ke sa ta aiki. Ka ga ke nan in ka gwada ɓeran giya da wanda ke gurgurar busasshen abinci, ba za ka san wanne giya ta yi wanne rashin tauna ya yi ba. Abokin gwajin dole shi ma abincin ruwa ne, an sa masa maltos, wani irin sukari, a madadin alkol, kuma abin da mashayin ya sha jiya shi za a auna masa yau. Kar kuma ka cakuɗa maza da mata, gilan ɗin muƙamuƙi na namiji ya bambanta da na mace.

Wani abu kuma, ka tabbata farotid ce ka ciro? Ina sabon shiga a wani labo, ɗakin bincike, na taɓa kwashe gilan ɗin hawaye na ɓeraye da yawa, wanda ke kusa da kunne, ina ta murna na samu farotid mai kyau a dunƙule. Maigidana ya leƙa mikroskop sau ɗaya ya ture min lam ɗin bai ce uffan ba, wlh har yau ina jin kunyar. Farotid ɗin ɓera a baje take, fara-fara, tana kama da kitsen wuya, sai ka bi a hankali.

Gobe da safe ka zo da lam ɗin abokan gwajin tare da na mashayan, ka rufe lambobin da salatif kar in san wanne ne wanne, ka haɗo da littafin da kuka rubuta nauyin ɓera da nauyin gilan. In wani yanki ya rage a firiza kar kowa ya taɓa shi.