Kiɗan MacPherson da aka ba ka: ni ma na sha kunyarsa

Ƙanena, da na ga tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai, don ramin da kake leƙawa ni na riga ka faɗawa. Ka ce malamarku ta goge ta ba ka kiɗan MacPherson, ta ce ka ba da tarihinsa kafin ka kaɗa a gaban jama'a, kuma duk wanda ka tambaya labarinsa daban.

Ni a daren Burns abin ya same ni, wato daren tunawa da mawaƙin Scotland Robert Burns, 25 ga Janairu, a wani ɗan zauren taro na ƙauye a bayan Aberdeen. Na miƙe da gogena, na zuba labari tiryan-tiryan kamar a gabana aka yi: yadda James MacPherson, ɗan fashin Scotland da kiɗan ke ɗauke da sunansa, ya kaɗa gogensa a gindin igiyar rataya, ya tambaya wa zai karɓa, ba wanda ya miƙa hannu, sai ya karya shi, yadda aka hango mai doki tafe da takardar afuwa, aka tura agogon garin gaba da minti 15 don a gama da shi kafin ta iso. Ban rufe baki ba wani dattijo da ke kujerar gaba ya ajiye kofinsa ya ce, "Kana wurin ne?" Aka kwashe da dariya. Bai bar ni haka ba, ya juya yana yi wa mutane bayani kamar ba na tsaye. Wallahi har yau ina ganin jar rigar sanyinsa. Da zai ja ni gefe bayan taro, me zai rage shi? Hannuna ya hau rawa, na fara kiɗan da gudu kamar ana kora ta, tsirkiyar sama ta yi ƙara irin ta ƙofar da ba mai. Wata biyu ban buɗe akwatin gogen ba.

Abin haushin, yana da gaskiyarsa. Abin da ya tabbata kaɗan ne. Wani babban mai ƙasa, Duff na Braco, ne ya kama shi a kasuwar garin Keith, aka yi masa shari'a a Banff, aka rataye shi ranar 16 ga Nuwamba 1700. Cikin tuhumar har da zamansa "Bamisire", sunan da dokar 1609 ta laƙaba wa masu yawo gari-gari, wato Romani, kuma zama hakan kaɗai laifi ne a lokacin. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, mu da muke baƙi a ƙasar. Baitocin da aka fi rerawa kuwa na Robert Burns ne, na 1788, shekara 88 bayan rataya.

Batun agogo da karya goge, bakin mutane ne ya riƙe su. Kada ka yar da su, su ne gishirin. Ka dai sa "an ce" a gaba, kamar yadda kakanninmu ke yi, ba mai kama ka. Akwai ɓaraguzan wani goge a gidan tarihin dangin Macpherson da ke Newtonmore da ake cewa nasa ne. Na je na gani, katako ne baƙi a cikin gilashi, na daɗe tsaye a kansa.

Kuma don Allah kada ka yi sauri. Ka ja numfashi, ka ƙirga huɗu a zuci kafin ka ɗora baka a tsirkiya. Maganarka kada ta wuce minti ɗaya, ni surutu ne ya ja mini. Af, in a gidan haya kake, sayi ɗan robar nan da ake maƙalawa don rage ƙara, maƙwabciyata ta ƙasa sai da ta buga mini ƙofa sau biyu. Yaushe ne taron naku?