Me ya sa ake tambayar masunta kafin a tsara teku?

Tambaya: Na ji an ce kafin hukuma ta yanke inda za a gina tashar jiragen ruwa ko inda za a hana kamun kifi, sai ta kira mutanen bakin teku taro. Ashe wannan ba aikin masana ba ne?

Amsa: Aikinsu ne, amma ba su kaɗai ba. Na'ura za ta auna maka zurfin teku da ƙarfin igiyar ruwa, har ta nuna inda kifi ke yin ƙwai. Ba za ta gaya maka cewa wancan lungun gaɓar ne kaɗai inda ƙaramin kwalekwale ke fakewa idan hadari ya taso ba, ko cewa tsibirin da kake gani fayau maƙabartar kakannin wasu ce, wadda ba diyyar da za ta saye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ga misali. Da Ostiraliya ta tashi sake tsara yankin Great Barrier Reef, wato babban jerin duwatsun murjani da ke cikin tekunta, jama'a sun aika da ra'ayoyi a rubuce sama da 31,000. Tsarin da ya fara aiki a 2004 ya faɗaɗa wuraren da aka hana kamun kifi daga ƙasa da kashi 5 cikin ɗari zuwa kusan kashi 33, kuma an gusar da iyakoki da dama saboda abin da mutane suka faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne su wa ke zuwa taron. Masu manyan jiragen kamun kifi da masu otal suna zuwa da lauyoyi da takardu. Masunci kuwa yana can kan ruwa a lokacin. Matar da ke tsintar kaguwa idan ruwa ya janye, ko mai bandar kifi, sau da yawa ba a ma gayyace ta ba, alhali nata abincin ne ya fi rataya a gaɓar. Shi ya sa mai tsari na ƙwarai yake bin su har mashigi, ya shimfiɗa taswira, kowa ya sa yatsa ya ce nan nake jefa taru, nan muke shanya koma, a wata kaza.

Sai kuma lokaci. In an riga an ja layi, taron ya zama sanarwa kawai, kuma dokar da mutane ba su yarda da ita ba tana da wuyar tsarewa a teku, inda ba shinge ba mai gadi. Ba kowa zai samu abin da yake so ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda aka ƙi buƙatarsa ya cancanci a dawo a faɗa masa dalili, a kuma nuna masa inda zai koma ya nemi abinci.