Jikana ya dishe wajen neman muryar da yake ji a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohuwa ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Na yi waƙa a zamanin samariya, don haka ba baƙuwar harkar ba ce. Jikana da nake riƙo, shekararsa 16, ya ɗauki waƙa da zafi. Kullum yana soro da waya, yana rawa yana rerawa irin yadda yake gani a kilip, in ya saurari abin da ya ɗauka sai ya ja tsaki ya sake. Yau wata guda da kwanaki muryarsa a dishe take. Shekaranjiya na tsinci kwalbar siro da wasu ƙwayoyi a aljihun wandonsa. Ya ce abokansa na fada, majalisar samarin unguwa, suka ba shi, wai shi manyan mawaƙa ke sha murya ta yi zaƙi, numfashi ya yi tsawo. Tun ranar ban runtsa ba. Da gaske ne, Malam? Ko kuwa yaron ne ba shi da baiwa, mu haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kwalbar nan da ƙwayoyin ki karɓe su yau, amma kada ki zubar, akwai wanda za ki nuna wa. Zan dawo kansu.

Abin da jikanki yake bi da gudu, babu shi. Ni aikina ke nan, ɗaukar murya da haɗa sauti, kuma wallahi mawaƙin da yake kwaikwayo shi ma ba zai iya abin da aka nuna shi yana yi ba. Waƙar a sutudiyo aka yi ta, cikin ɗaki a rufe, mutum na tsaye cak, bakinsa bai fi taƙi ɗaya daga makirfo ba. Baiti ɗaya sai mu maimaita shi sau goma, sau sha biyar. In farkon na uku ya yi kyau, ƙarshen na tara ya fi, sai in yanko wannan in liƙa da wancan. Inda ya ja numfashi in share, shi ya sa ake jin kamar ba ya shaƙar iska. Inda murya ta kauce daga kan kiɗa kuma akwai Auto-Tune, manhajar da ta fito tun 1997, ta ja ta ta mayar da ita layi. Wannan ƙyalƙyalin da yara ke ji kamar ana kaɗa gilashi a maƙogwaro, na na'ura ne. Sai in ninka muryar sau biyu ko uku don ta yi kauri, in zuba mata amsa-kuwwa.

Bayan mako ɗaya ko wata ɗaya a fita ɗaukar hoto. A kai mutum kan duwatsun nan namu da rana tsaka, a kunna waƙar a sifika, shi kuwa ya riƙa motsa baki. Mamin ke nan, kamar yadda 'yan fim ke cewa. Ki sa yaron ya zauna kusa da ke ku kalli kilip ɗin tare, ki nuna masa da yatsa. Iska na kaɗa riga, amma ko hucinta babu a sautin. Mutum na tsalle yana juyi, murya ko girgiza. Cikin baiti ɗaya ya sauya kaya sau uku, daga bakin tafki ya koma saman bene. Gitar lantarki a hannu, babu waya babu komai a jikinta. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kalangu. Ke kin san kalangu da hammata yake magana, sai an matse igiyoyin sauti ya hau, a saki ya sauka. A kilip sai ki ga an rataya wa wani saurayi shi kamar jakar lakwal, hannu a sake, amma kiɗa na hawa yana sauka, domin daga fiyano aka fitar da shi. Inda kuma kika ga mayafi na tashi a hankali amma baki na tafiya daidai da waƙa, dabara ce: a ninka saurin waƙar lokacin ɗauka, mutum ya bi ta da sauri kamar mai tsere, a wajen haɗawa a rage saurin hoton da rabi.

Ba laifi ba ne, sana'a ce, kuma tsohuwa. Finafinan Indiya da muka taso muna kallo, jarumar ba ita ke waƙa ba. Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta shafe shekaru fiye da sittin tana rerawa wasu na motsa baki. Masu fim na Kano hanyar suka bi. Ko a bikin rantsar da Obama a 2009, gwanayen makaɗan da aka gani suna goge, abin da duniya ta ji an ɗauke shi tun kafin ranar, saboda sanyi na iya ɓata kayan kiɗan. Inda ya zama ha'inci shi ne in an ɓoye mai muryar, kamar mawaƙan nan biyu na Milli Vanilli da aka ƙwace wa kyautar waƙa ta Grammy a 1990 bayan an gano ba su suka rera waƙoƙinsu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta amsar nan da tsawo. Ba mako da zai wuce wani yaro bai shigo mini yana tambaya a asirce ba: "Oga, mene ne maganin murya?" Babu shi. A rubuta a manna a ƙofar kowace fada. Ɗanyen ƙwai, zuma, man shanu, kanwa, citta, siro, duk abin da mutum ya haɗiye ta hanyar abinci yake bi ya faɗa ciki. Tantanin da ke fitar da murya a bakin hanyar iska yake, kuma duk lokacin da aka haɗiye abu akwai marfin da ke rufe wannan hanyar. Da ƙwan zai taɓa tantanin, ƙwarewa mutum zai yi ya yi ta tari har hawaye. To ta ina zaƙin zai shiga? Zuma da ruwan ɗumi suna sanyaya maƙoshi, ban hana ba, amma ba su taɓa sauya muryar kowa ba.

Su waɗannan ɓarnar kuɗi ce kawai. Siro da ƙwaya su ne masu kisa. Ban ga kwalbar ba, amma na san abin da ke yawo a hannun yara: siro mai kodin da tiramol. Dangin juna ne, aikinsu kashe zafi da sa maye. Zafin maƙogwaro kuwa shi ne mai gadi, shi ke cewa tsaya haka nan. In an kwantar da mai gadi, yaro zai yi ta ihu awa uku a kan tantani mai kumburi bai ji komai ba, yana murna wai magani ya ci. Tantanin nan a muryar namiji yana haɗuwa ya rabu sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya. Ki ƙiyasta fatar da ta kumbura ana goga ta haka. Ƙarshenta kanta ce take fitowa, irin wadda fartanya ke yi a tafin hannu, kuma daga nan dishewar ta samu wurin zama. Batun tsawon numfashi ma ƙarya ce tsagwaronta, domin magungunan nan danne numfashi suke yi, su busar da baki. Tiramol in ya yi yawa har farfaɗiya yake tayarwa. Ba a banza Najeriya ta haramta yin siro mai kodin da shigo da shi a 2018 ba.

Akwai kuma ƙwayar rage kumburi, irin wadda wasu mata ke sha don ƙiba. Ita tana iya buɗe murya na kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ta fi yaudara. Mutum ya hau dandamali ya matsa wa abin da bai warke ba, jijiya ta fashe a tantanin. Kuma wa ke rubuta ta? Mai tire a ka, wanda magungunansa suka yini a rana a bakin Kasuwar Dole, ko sunan da ke jikin kwalin ba ya iya karantawa. Kowa na ganinsu, ba mai cewa uffan sai yaro ya faɗi. In wani ya ce miki beli ne ya sauko a kai shi wurin wanzami, ki ce masa na ce a'a. Beli ba shi ke fitar da murya ba, jini kawai za a zubar.

Ma'azu Ɗan Alalo da ya cika ƙofar fadar Sarki da muryarsa, wace kwalba ya sha? Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, da ya kai gurmi da biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ƙasashen Turai kafin rasuwarsa a 2018, zama ya yi gaban masu abin ya koya. Mai algaitar Sarki da kike jin ba ya yanke busa, iska yake tarawa a kumatu yana turawa, yana shaƙar wata ta hanci. Shekaru ake yi ana koyonsa, wasu da karan sha da ƙoƙon ruwa suke farawa. Ke kanki da kuka tsaya a fili ba makirfon kirki, kin san zabiya ba ta tsalle a inda baiti ya yi tsawo, kuma 'yan amshi hutunta ne.

Baiwa kuwa ba na yanke hukunci a kan muryar da ke ciwo, balle ta ɗan shekara 16 da maƙogwaronsa bai gama zama ba. Dishewar da ta haura mako uku ta likita ce. Ki kai shi asibiti ki nemi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubutawa ORL. Ki tafi da kwalbar da ƙwayoyin, kuma ya faɗi gaskiyar tun yaushe yake sha, domin in jiki ya saba, yankewa farat ɗaya tana da tata wahalar, likita ne zai tsara. Kafin nan ba waƙa, ba ihu a filin ƙwallo, ba raɗa, don raɗa ma gajiyar da tantanin take yi. Ya yi magana kaɗan a hankali, ya sha ruwa sosai, ya rufe hanci da baki in ƙurar hunturu ta taso, ya nisanci hayaƙin taba da shisha.

In likita ya sallame shi, ki sa a raka shi kowace sutudiyo, ya roƙi mai haɗa sautin ya kunna masa muryar wani mawaƙi tsirararta, kafin a taɓa ta. In wurina ya zo, da tawa zan fara masa, akwai wani baiti da na yi sau goma sha ɗaya har yanzu ban goge ba.